Ɗana yana aji biyu, aikin gida ya fi ƙarfinsa: in yi masa ko in bar shi?

Tambaya daga wata uwa a Kano: "Ɗana yana da shekara bakwai, yana aji biyu a wata firamare mai zaman kanta. Kullum yana dawowa da aikin gida na darussa uku ko huɗu, duk da Turanci, ga Islamiyya daga la'asar zuwa magariba. Sai bayan isha'i muke zama, yana gyangyaɗi yana kuka, daga ƙarshe ni ko yayarsa mu faɗa masa amsa ya rubuta. Ya zo na biyar a zangon da ya wuce, amma na lura ko rubutun jikin kwalin ashana ba ya iya karantawa. Mahaifinsa ya ce a ɗauko malamin lesin. Me ya kamata mu yi?"

Malama, sannu da ƙoƙari, Allah ya raya mana shi. Na koyar da ƙananan azuzuwa shekaru da dama kafin in koma horar da malamai, kuma a cikin duk abin da kika rubuto, zancen kwalin ashanar nan ne ya fi tsaya mini a rai, domin shi ne asalin ciwon, kukan dare da yawan aikin gida kuwa zazzaɓin da ciwon ya haifar ne. Yaron da ba ya iya karanta tambaya ba shi da hanyar amsa ta, ko aiki ɗaya aka ba shi ko huɗu. Saboda haka zan fara da karatun, sannan in dawo kan aikin gida da malamin lesin.

A tsarin ilimin bai-ɗaya da dokar 2004 ta kafa a Nijeriya, aji ɗaya zuwa uku su ne matakin farko na shekaru tara ɗin da aka wajabta wa kowane yaro, kuma babban aikin waɗannan azuzuwa uku shi ne yaro ya iya karatu, rubutu da ƙidaya. Daga aji huɗu littattafai suna canja hali, suna ɗauka cewa mai riƙe da su ya riga ya iya karatu, sai su shiga zuba masa kimiyya da tarihi da sauran darussa ba tare da sun jira shi ba. Wani masanin karatun yara, Keith Stanovich, ya bayyana a 1986 yadda wannan tazara take faɗaɗa: yaron da ya iya karatu da wuri yana jin daɗinsa, sai ya yawaita yi, sai kalmominsa su ƙaru, karatun ya ƙara yi masa sauƙi, shi kuwa wanda ya sha wahala a farko sai ya riƙa gudun littafi, gudun kuma ya ƙara mayar da shi baya. A Indiya, ƙungiyar Pratham da ta fara auna karatun yara gida-gida a 2005 ta ɗauki gajeren labari na matakin aji biyu a matsayin ma'auninta mafi girma, da shi take gwada har 'yan aji biyar. Wannan kaɗai ya isa ya nuna miki nauyin ajin da ɗanki yake ciki.

Kada ki ɗauka cewa ɗanki daƙiƙi ne ko kuma shi kaɗai ne a wannan hali. Gwaje-gwajen karatun ƙananan azuzuwa da aka yi a jihohin Bauchi da Sakkwato a shekarun baya sun nuna cewa mafi yawan 'yan aji biyu da aka gwada ba su iya karanta ko kalma ɗaya ta Hausa ba, kuma irin wannan sakamako ne ya sa aka kawo shirin Mu Karanta a jihohin biyu, da shirin RANA a Katsina da Zamfara, dukkansu don koyar da karatu da Hausa a aji ɗaya zuwa uku. Idan matsala ta game yara da yawa haka, to a yadda ake koyar da su za a nemi dalilinta.

Babban dalilin da na fi gani, musamman a makarantun kuɗi, shi ne ana fara koya wa yaro karatu da harshen da ba ya ji. Manufar ilimi ta ƙasa, a bugunta na farko na 1977, ta tanadi a fara koyarwa da harshen uwa ko harshen yankin da makaranta take, kuma bugun 2004 ya fayyace cewa shekaru ukun farko ake nufi, Turanci yana matsayin darasi ɗaya daga cikin darussa. Akwai hujjar aiki a bayan wannan, domin Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa sun fara wani gwaji a Ile-Ife a 1970, inda aka koyar da wasu yara da Yarabanci tsawon shekaru shida na firamare, kuma ba su kasa takwarorinsu ba har a Turancin kansa. Amma iyaye muna auna makaranta da yawan Turancin da yaro yake yaɓawa idan ya dawo gida, masu makarantu kuma sun san haka, sai suka haramta Hausa a aji, har ana cin tarar wanda ya yi ta. Sakamakon shi ne yaro yana ɗauke da kaya biyu a lokaci ɗaya, yana koyon yadda baƙaƙe suke ba da sauti, yana kuma ƙoƙarin gane harshen da sautin yake fitarwa, alhali ko ya furta kalmar daidai ba ta ce masa komai ba.

Ga kuma bambancin rubutun harsunan biyu. Rubutun Hausa na boko mai gaskiya ne, kusan kowane baƙi sauti ɗaya gare shi, wasula biyar ne, kuma da zarar yaro ya gane auren baƙi da wasali, ba be bi bo bu, ya kama hanyar karanta kusan kowace kalma. Inda rubutunmu ya yi rowa shi ne ba ya nuna tsawon wasali da karin sauti, shi ya sa "gari" na tuwo da "gari" na mutane suke da kama ɗaya a takarda, amma yaron da yake jin Hausa jimla ce take raba masa gardama ba tare da ya sani ba. Turanci kuwa wasali ɗaya yana iya fitar da sauti uku ko huɗu. Sannan a makarantu da yawa sunayen haruffa ake rera wa yara, "ei, bi, si, di", waɗanda ba su ne sautukan da ake haɗawa a yi kalma ba. Yaro ya haddace cewa sunan harafin farko "ei", sunan harafin e kuma "i", sai ya zo karanta "kifi" ko "rake" ya rikice. Haka harafin c, wanda a Hausa shi ne farkon "cokali", a Turanci kuma wani lokaci k ne wani lokaci s. Yaron da aka tsayar masa da tsari ɗaya ya zauna daram, ba ya sake koyon karatu daga tushe idan ya juya ga Turanci, domin ya riga ya gane sirrin abin, wato rubutu magana ce aka ɗaure da alamu, sai dai ya koyi sababbin ƙa'idoji kawai.

Kafin ki kashe ko kwabo, ki gwada shi da kanki, abin ba zai ci minti goma ba. Ki zaɓi lokacin da ya ƙoshi kuma ba ya jin barci, kada ki ce masa jarrabawa ce. Ki rubuta baƙaƙe da wasula goma a warwatse, ba bisa jerin abacada ba, ki sa ɓ, ɗ, ƙ, sh da ts a cikinsu, ki ce ya faɗa miki sautin kowanne. Idan ya wuce wannan, ki rubuta gaɓoɓi irin su ma, ku, ɗi, tso. Daga nan sai kalmomi masu gaɓa biyu da ya sani, kamar rago, miya, taro, ƙofa. Idan ya karanta su, ki rubuta masa jimloli huɗu a kan wani abu da ya faru a gidanku, ya karanta, ki yi masa tambaya ɗaya ko biyu a kan abin da ya karanta. Duk matakin da ya tsaya, nan ne ajinsa na gaskiya a karatu, ko me katin sakamako ya ce.

Dalilin da ya sa na ce ke za ki rubuta da hannunki, kada ki buɗe littafin makaranta, shi ne yaranmu suna da ƙarfin hadda sosai, kuma makarantar allo da Islamiyya sun wasa musu wannan baiwa. Na sha ganin yaro ya "karanta" shafi guda tas da murya mai daɗi, amma idan ka rufe hoton, ka sa yatsa a kan kalma ta tsakiya ka ce mece ce wannan, sai ya yi shiru ko ya koma farkon layi ya sake rerowa. Hadda ba aibu ba ce, sai dai ita da karatu aiki biyu ne daban. Malamanmu na tsangaya ma sun san wannan tun da daɗewa, shi ya sa ake bi da almajiri ta babbaƙu, sannan farfaru, kafin a sake shi ya riƙa haɗa ayoyi da kansa. Abin da nake nema ki yi da bokon shi ne ainihin wannan tsari, a san baƙi, a san wasali, sannan a haɗa.

Idan ya tsaya a matakin baƙaƙe ko gaɓoɓi, wanda shi nake zato bisa bayaninki, to ki ware minti goma zuwa sha biyar kullum. Ki ɗauki baƙi ɗaya ko biyu a rana, ki fara da masu yawan fitowa kamar n, k, m, s, d, r, ki aura su da wasula biyar, sannan nan take ki haɗa gaɓoɓin su zama kalmar da ya sani, domin ya ga amfanin abin tun ranar farko: na da ma su ba da "nama", ka da sa su ba da "kasa". Ki yanka kwali ki rubuta gaɓa ɗaya a kan kowane yanki, ya riƙa jujjuya su yana gina kalmomi, ya kuma rubuta abin da ya gina, domin hannu yana taya ido riƙewa. Idan ya fara haɗa kalmomi, ki samo masa ƙananan littattafan Hausa masu manyan haruffa, ya karanta shafi ɗaya sau uku ko huɗu a ranaku daban-daban har ya daina tuntuɓe, saboda yaron da yake jan kalma a hankali kafin ya kai ƙarshen jimla ya manta farkonta. Kuma kada ki raina tatsuniya da kacici-kacici. Yaron da ya saba sauraron labari daga "ga ta nan ga ta nanku" har zuwa "ƙurunƙus", ya kuma iya maimaita shi bi da bi, yana gina fahimtar da zai buƙata ranar da ya fara karanta labari a takarda. A nan kaka ko gwaggon da ba ta taɓa shiga aji ba tana iya fin mu duka amfani.

Yanzu sai aikin gida. A ƙa'ida, aikin gida na ɗan aji biyu maimaici ne na abin da aka riga aka koyar kuma ya gane a aji, wanda zai iya yin mafi yawansa shi kaɗai. Farfesa Harris Cooper na Jami'ar Duke a Amurka, wanda ya tattara binciken da aka yi a kan aikin gida ya buga nazarinsa tare da abokan aikinsa a 2006, ya sami cewa alaƙar yawan aikin gida da ƙwazo tana da ƙarfi a sakandare amma tana da rauni ƙwarai a firamare. Akwai kuma wani ma'auni da ƙungiyoyin iyaye da malamai na can suka daɗe suna bi, minti goma ga kowane aji, wato ɗan aji ɗaya minti goma, ɗan aji biyu minti ashirin, dukkan darussa a haɗe. Ba aya ba ce, amma ma'auni ne mai hankali, kuma idan na dubi ɗanmu da yake da Islamiyya da tilawa a kan bokon, ban ga dalilin da zai sa a wuce shi ba. Darussa huɗu a dare ɗaya galibi iyaye ake yi wa su, domin su ga littafi cike da jan biro su ji kuɗinsu bai tafi a banza ba.

Littafin aikin gida wasiƙa ce da take kai-komo tsakaninki da malamarsa. Duk daren da kuka faɗa masa amsa ya rubuta, saƙon da ya isa wurinta da safe shi ne yaron nan ya gane, a wuce gaba, ita kuma sai ta wuce. Da irin wannan maki, da jarrabawar da a wasu makarantu ake bitar tambayoyinta kafin ranar, ake samun na biyar a aji wanda bai iya karatu ba. Na san da kyakkyawar niyya kike yi, kina gudun kada a doke shi ko a kunyata shi gaban 'yan'uwansa, amma kariyar da kike ba shi ita ce take ɓoye shi daga taimakon da yake buƙata. Daga yau ki duba agogo idan kun zauna. Ki karanta masa umarnin, ki fassara masa da Hausa, ki yi misali ɗaya makamancin tambayar a wata takarda daban, sannan ki bar shi ya gwada. Idan ya yi kuskure ki tambaye shi yadda ya yi ya sami amsar, sau da yawa a wurin bayanin zai gano da kansa. Idan minti ashirin ya cika ku rufe littafi, ki rubuta a ƙasa cewa ya yi na ɗaya da na biyu da kansa, na uku da taimako, sauran bai gane ba, ki sa hannu. Yayarsa kuma a canja mata aiki, ta zama mai sauraron karatunsa da yi masa shifta, fensir kuwa ya zauna a hannunsa.

Lokacin zaman ma sai an sake shi. Likitocin barci suna ba da shawarar yaro mai shekara shida zuwa sha biyu ya sami awa tara zuwa sha biyu a kowace rana, kuma yaron da zai tashi da asuba ba shi da abin da zai koya da ƙarfe tara na dare. Ki gwada bayan ya ci abincin rana ya ɗan huta, kafin la'asar, ko kuma ki raba, karatun Hausa bayan sallar asuba lokacin da kai yake wasai, aikin makaranta da rana. Alhamis da Juma'a da yawancin Islamiyyu suke hutu za ku sami sarari fiye da sauran ranaku.

Game da lissafi, abin da ya fi muhimmanci a wannan aji shi ne ya gane matsayin lamba, cewa 3 ɗin da ke cikin 35 goma uku ce. Harshenmu yana taimako a nan, domin "goma sha uku" ta faɗi abin da take ƙunshe da shi ƙarara, alhali "thirteen" da "thirty" a kunnen ɗan shekara bakwai kusan abu ɗaya ne. Ki karya tsinken tsintsiya, ku ɗaure goma-goma da zare ko roba, ki ce ya ajiye miki 42, wato ɗauri huɗu da tsinke biyu, sannan ya ba ki 17 daga ciki. Zai ga tsinke biyu ba za su ba da bakwai ba sai ya kwance ɗauri ɗaya, kuma wannan kwancewar ita ce "aro" da ake sa su rerawa a aji ba tare da sun san me ake ara ba. Idan kin aike shi shago, ya faɗa miki canjin da zai dawo da shi tun kafin ya fita. Yara da yawa da suke faɗuwa lissafin takarda ba a iya cutarsu ko naira goma a wurin mai ƙosai, aikinmu kawai mu nuna musu cewa lissafin ɗaya ne.

Sannan ki je makarantar da ƙafarki, kuma in son samu ne ku je tare da mahaifinsa, domin a wurare da yawa uba ba ya taka makaranta sai ranar biyan kuɗi ko ranar rigima, kuma zuwansa yana sa a ɗauki magana da nauyi. Ku nemi lokacin da malamar ba ta cikin darasi, ku fara da gaisuwa da godiya, kada ku shiga da tuhuma, domin mai yiwuwa ita ma umarnin mai makaranta take bi wajen yawan aikin. Ki nuna mata takardar gwajin da kika yi, ki gaya mata gaskiya cewa ku ne kuke yi masa aikin a da kuma kun daina, ki roƙe ta kada a hukunta shi a kan abin da ya bari. Ki tambaye ta yadda take koyar da karatu, da sauti ko da sunan harafi, domin ku riƙa tafiya hanya ɗaya, ki tambayi yara nawa ne a ajin, ki kuma ga inda yake zama. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare, kuma idan ajin ya zarce haka da nisa, yaro mai shiru da ke bencin baya yana iya shekara ba a ji muryarsa shi kaɗai ba. Zancen rage aikin gida da ƙara lokacin karatun Hausa kuwa ya fi ƙarfin malama ɗaya, a taron iyaye da malamai ake kai shi, kuma za ki yi mamakin iyaye nawa ne suke fama da irin darenki suka yi shiru. A makarantun gwamnati akwai kwamitin kula da makaranta da ake kira SBMC, da ke da wakilan iyaye da na unguwa, shi ma ƙofa ce ta irin wannan magana.

Ki kuma lura da lafiyarsa. Idan yana matse ido, ko yana manna fuska a littafi, ko yana kwafar allo da kurakurai masu yawa, a kai shi a auna idonsa. Idan kunnensa yana zubar da ruwa ko sai an maimaita masa magana, a duba jinsa, domin wanda bai ji bambancin k da ƙ ba ba zai rubuta shi ba. Juya b da d, ko rubuta 3 a baibai, abu ne da aka saba gani a wannan shekaru, balle ga yaron da yake rubutun Larabci daga dama a Islamiyya da yamma, na boko daga hagu da safe, kuma yawanci yana wucewa da yawan rubutu.

Malamin lesin ba laifi ba ne, amma ya danganta da aikin da aka ba shi. Yawancin waɗanda na gani aikin gidan suke zama su yi tare da yaro su tafi, wato abin da kike yi kyauta ne za ki koma biya a yi. Idan za ku ɗauka, ku gaya masa tun ranar farko cewa karatu kuke so ya koyar, daga matakin da gwajinki ya nuna, da Hausa, rabin awa sau uku ko huɗu a mako, ba bulala. Ki tambaye shi ta ina zai fara da yaron da ya san haruffa amma bai iya haɗa su ba, amsarsa za ta nuna miki ko ya san aikin. Ki ajiye takardar gwajin farko da kwanan wata a jikinta, bayan mako shida ki sake yi da sababbin kalmomi. Idan ya hau mataki ɗaya, ku ci gaba a haka ku fara shigo da sautukan Turanci kaɗan-kaɗan. Idan kuwa zango guda ya wuce ana yi kullum bai motsa ba, kuma ido da kunne lafiya, ku nemi malamin da ya karanci ilimin yara masu buƙata ta musamman a kwalejin ilimi mafi kusa da ku ya zauna da shi ya duba.